Gayyar Kwamfuta: Yadda Za Mu Ba da Hannu Wajen Neman Magani

Darasi domin rukunin matasa, zumuntar mata da kwamitin lafiya

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi muna so kowannenmu ya iya:

- bayyana abin da ake nufi da furotin da naɗewarsa;
- sanin dalilin da ya sa masu bincike suke neman taimakon kwamfutocin gida;
- yin lissafin wuta da zafi da izini kafin a fara;
- haɗa kwamfuta da aikin, da kuma kafa ƙungiya.

Gabatarwa

'Yan'uwa, dukanmu mun san gayya. Idan gona ta fi ƙarfin mai ita, sai ya gayyaci maƙwabta. Kowa ya zo da garmarsa, a jeru a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa ya kai ta ƙarshe. Aikin da zai ci wa mutum ɗaya mako biyu sai a gama shi kafin la'asar.

Akwai wata gayya da aka fara a shekarar 2000 wadda har yau ba a tashi ba. Gonar ita ce binciken cututtuka, garmar kuma ita ce kwamfuta. Sunan shirin Folding@home, ma'ana naɗewar furotin a gida. Duk wanda yake da kwamfuta, a ko'ina yake a duniya, zai iya shiga kyauta. A yau wasu ofisoshin ikilisiya da makarantu da ɗakunan shan magani a yankunanmu suna da kwamfuta da wutar sola, haka ma waɗansu daga cikin 'ya'yanmu ɗalibai. Saboda haka ya kamata mu san wannan aiki, mu kuma san ƙa'idarsa. Ƙa'idar ɗaya ce da ta gayya: kada ka kama kunyar da ba za ka iya kai ta ƙarshe ba.

1. Mene ne furotin?

A darussan abinci mun saba cewa furotin shi ne abinci mai gina jiki, wanda muke samu a wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da nama. Gaskiya ne. Amma a cikin jiki furotin ba abinci kaɗai ba ne, ma'aikaci ne. Shi ne yake ɗaukar iska a cikin jini, yana narkar da abinci, yana yaƙi da ƙwayoyin cuta. Jikin mutum yana da dubban ire-irensa.

Kowane furotin kamar tsakiya yake a zare. Ana kiran duwatsun tsakiyar amino asid, kuma iri 20 ne. Yadda aka jera su shi ne yake bambanta wannan furotin da wancan. Da zarar jiki ya gama jera su, sai zaren ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa ta musamman. Wannan siffa ce take ba shi ikon yin aiki, kamar yadda haƙoran mabuɗi suke sa ya buɗe ƙofa ɗaya ya kasa buɗe wata. Wani masani ɗan Amurka, Christian Anfinsen, ya nuna cewa jerin duwatsun ne yake tsara siffar. Ya sami lambar yabo ta Nobel a 1972 saboda wannan aiki.

Mata masu yin awara sun san abin da yake faruwa idan siffar furotin ta sauya. Ana zuba ruwan tsami a madarar waken suya mai zafi, sai furotin ɗin ya warware ya manne wa juna, ya zama dunƙule. Haka ma farin ƙwai idan an dafa shi. Ba ya komawa yadda yake a dā.

A tukunya wannan abinci ne. A cikin jiki kuwa ciwo ne. Ku dubi ciwon sikila, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi. Furotin ɗin da yake ɗaukar iska a jini ana kiransa himogulobin. Ɗaya daga cikin zarurrukansa yana da duwatsu 146. A jikin mai sikila dutse ɗaya ne tak ya sauya, na shida a jerin. Wannan sauyi yana sa furotin ɗin ya riƙa manne wa juna idan iska ta yi ƙaranci, har ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Dutse ɗaya cikin 146, amma dubi wahalar da yake jawo wa yaro da iyayensa.

Akwai kuma cututtukan ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da furotin da ya naɗe ba daidai ba ya taru ya dunƙule. Daga cikinsu akwai Alzheimer mai kawo mantuwa ga tsofaffi, da Parkinson mai sa rawar jiki.

2. Me ya sa kwamfuta ɗaya ba ta isa ba?

Yawancin magunguna suna aiki ne ta wurin maƙalewa a wani lungu na jikin furotin, su hana shi yin ɓarna. Don haka mai neman magani yana bukatar sanin siffar furotin, da kuma yadda yake motsi. Furotin ba ya tsayawa cik. Yana buɗewa yana rufewa, kuma wani lungun ba ya bayyana sai na ɗan ƙanƙanen lokaci.

Ido ba ya ganin wannan motsi. Sai dai a kwaikwaye shi a cikin kwamfuta. Kwamfutar za ta lissafa yadda kowace ƙwayar zarra take ja ko ture maƙwabciyarta, ta matsar da su kaɗan, ta sake lissafi. Kowane taki ɗaya yana nuna kimanin kashi 2 cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Idan ana son ganin abin da furotin ya yi a cikin kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, sai an yi taki biliyan 500. Kwamfutar gida guda ɗaya za ta tsufa ta lalace ba ta gama ba.

Dabarar ita ce a yanka aikin ƙanana-ƙanana. A aika wa kowace kwamfuta kasonta ta intanet, ta lissafa, ta mayar. Masu bincike sai su haɗa dubban gajerun sakamako su fitar da taswirar motsin furotin ɗin gaba ɗaya.

A nan akwai abin da ya kamata mu riƙe sosai. Kason da aka ba ka ci gaba ne na wanda wani ya gama, kuma daga inda ka tsaya za a yanko wa wani nasa. Idan ka riƙe naka ba ka mayar ba, layin nan duka ya tsaya yana jiranka.

3. Abin da gayyar ta yi zuwa yanzu

Farfesa Vijay Pande ne ya fara shirin a Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, a watan Oktoba na 2000. A 2018 ɗalibinsa na dā, Greg Bowman, ya karɓi shugabancin shirin. A 2007 kamfanin Sony ya sa na'urar wasa ta PlayStation 3 ta iya shiga aikin, kuma a wannan shekara kundin Guinness ya rubuta shirin a matsayin gayyar kwamfuta mafi ƙarfi a duniya. An rufe wannan hanya ta na'urar wasa a 2012.

Babban abin mamaki ya faru a 2020, lokacin annobar korona. Kafin annobar masu ba da kwamfutocinsu kimanin 30,000 ne. Cikin 'yan makonni na'urorin da suka shiga suka haura miliyan ɗaya. A watan Maris na wannan shekara ƙarfinsu a haɗe ya wuce lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, abin da babu wata na'ura da ta taɓa kaiwa kafin lokacin. Da a ce mutanen duniya biliyan 8 za su zauna kowa yana yin lissafi ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun yi kusan shekara 4 kafin su yi abin da gayyar take yi a daƙiƙa ɗaya. Da wannan ƙarfi aka ga yadda ƙahon ƙwayar korona yake buɗewa don ya kama jikin mutum, aka kuma gano ɓoyayyun lunguna fiye da 50 a furotin ɗin ƙwayar. An buga sakamakon a 2021. Bayan annobar ta lafa, da yawa daga cikin masu taimakon sun janye, amma aikin yana ci gaba.

Wani sakamakon ya shafe mu kai tsaye. Muna tuna cutar Ebola da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016, har ta shigo Legas a watan Yuli na 2014. Ƙwayar Ebola tana da wani furotin mai suna VP35 wanda yake ɓoye ta daga garkuwar jiki. An daɗe ana ganin babu inda magani zai kama shi. Ta wurin wannan shiri aka ga wani lungu da yake buɗewa a jikinsa idan yana motsi, aka kuma tabbatar da shi a ɗakin gwaji.

Wani zai tambaya ko har yanzu ana bukatar wannan aiki, tun da akwai manhajar AlphaFold mai hasashen siffar furotin, wadda ta sa Demis Hassabis da John Jumper suka sami rabin lambar Nobel ta ilimin sinadarai a 2024. AlphaFold tana ba da hoto ne a tsaye. Gayyar tana nuna motsi. Ana bukatar duka biyun.

Sai dai mu faɗi gaskiya. Gano lungu ba shi ne samun magani ba. Tsakanin su akwai gwaje-gwaje na shekaru da yawa. Wanda ya shiga wannan aiki kamar mai dasa mangwaro ne, mai yiwuwa jikokinsa ne za su sha.

4. Lissafi kafin a fara

*Izini.* Dokar shirin ta ce kada a sa manhajar sai a kwamfutar da take taka, ko wadda mai ita ya yarda. Kwamfutar ofishin ikilisiya ko ta makaranta amana ce. A kai maganar gaban dattawa ko shugaban makaranta, a rubuta amincewarsu a littafin taro. Kwamfutar da ake ajiye bayanan marasa lafiya a ciki a ƙyale ta.

*Wuta.* Kwamfuta mai wannan aiki tana jan wuta sosai, domin ƙwaƙwalwarta ba ta hutawa. Ƙaramar kwamfuta ta hannu tana iya jan kimanin wat 50. Idan ta yi awa 5, ta ci kashi ɗaya cikin huɗu na yunit. Babbar kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi tana iya jan wat 300. Idan aka bar ta dare da rana za ta ci yunit 7.2 a kwana ɗaya, wato yunit 216 a wata. Ku ninka wannan da kuɗin yunit a wurinku kafin ku yanke shawara.

Shawararmu ita ce kada a tayar da janareta saboda wannan aiki. Kuɗin man ya fi amfani a sayi gidan sauro ko maganin zazzaɓi. Inda aikin ya dace da mu shi ne wurin da ake da sola. Sau da yawa batir yakan cika kafin tsakar rana, sauran hasken kuma ya tafi a banza. Wannan rarar ce za mu bayar. Amma idan firjin allurar rigakafi yana kan wannan solar, firji ne gaba da kome.

*Zafi da ƙura.* Zafi yana rage kwanan kwamfuta. Kada a ɗora ta a kan katifa ko tabarma. A sa ta a kan tebur, a ɗaga bayanta kaɗan don iska ta shiga. Lokacin hunturu ƙura tana toshe ramukan iska, sai a riƙa share su. A watannin Maris da Afrilu, idan ɗaki ya yi zafi ƙwarai, a rage aikin ko a dakata har damina ta faɗi.

*Intanet.* Ba a bukatarsa kowane lokaci. Ana bukatarsa wajen karɓo kaso da wajen mayarwa. Kowane kaso yana cin data daga 'yan megabait zuwa gommai, don haka a sa ido a makon farko a ga abin da ya tafi.

*Lokaci.* Kowane kaso yana da wa'adi, yawanci 'yan kwanaki. Idan wa'adin farko ya wuce, sai a tura kason ga wani. Idan na ƙarshe ya wuce, aikinka ya tashi a banza. Tsohuwar kwamfuta mai nauyin tafiya, wadda ake kunnawa awa ɗaya a rana, ba za ta iya ba. Ba abin kunya ba ne. Gara a bar ta da a riƙe layi.

Wayar hannu ba ta cikin wannan lissafi. Manhajar waya da Sony ta fitar a 2015 an janye ta a 2018.

5. Matakan haɗa kwamfuta

1. A sauko da manhajar daga foldingathome.org kaɗai. Kada a karɓe ta daga filashin wani. Tana aiki a kan Windows, macOS da Linux.
2. A girka ta. Sabon samfurinta, na 8, ana sarrafa shi ne ta cikin manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita.
3. A zaɓi suna. Kowa a duniya zai iya ganin sunan, don haka kada a sa lambar waya ko adireshin imel.
4. A rubuta lambar ƙungiya. Wanda bai rubuta kome ba makinsa zai tafi ƙungiya mai lamba 0, wadda ta kowa da kowa ce.
5. A nemi mabuɗin sirri. Haruffa ne da lambobi guda 32 da ake aikowa ta imel. Shi ne yake tabbatar da cewa aikin naka ne. A kwafe shi daidai, kada a ba kowa.
6. A faɗa wa manhajar yawan ƙarfin da za ta ɗauka. Idan ƙwaƙwalwar kwamfutar tana da sassa huɗu, a fara da biyu, a ji zafinta bayan awa ɗaya. Idan tana da katin hoto mai kyau, shi ya fi sauri nesa ba kusa ba.
7. A hana ta aiki a kan batir. Ana kuma iya sa ta yi aiki sai lokacin da babu mai amfani da kwamfutar.
8. Ana iya zaɓar cutar da aka fi so a taimaka wa, kamar ciwon daji ko Alzheimer, ko a bar wa masu bincike su zaɓa.
9. A danna Fold, aiki ya fara.

Akwai maɓallai biyu da ya kamata mu bambanta. Pause yana dakatar da aiki na ɗan lokaci, kason yana hannunka, wa'adi kuma yana tafiya. Finish yana sa kwamfutar ta gama kason da yake hannunta, ta mayar, ba ta karɓi wani ba. Duk wanda zai yi tafiya, ko za a rufe makaranta don hutu, Finish zai danna kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Idan an ɗauke wuta ba zato, manhajar tana ajiye aikinta lokaci-lokaci, don haka za ta ci gaba daga wurin da ta ajiye na ƙarshe.

6. Kafa ƙungiya

Kafa ƙungiya kyauta ne. Mutum ɗaya zai cike sunan ƙungiyar a shafin shirin, a ba shi lamba. Duk wanda ya sa wannan lamba a kwamfutarsa ya zama ɗan ƙungiya, ko yana ƙauye, ko yana Jos, ko yana ƙasar waje. Wannan dama ce ta haɗa 'ya'yanmu da suke birni da na gida a aiki ɗaya. Sau da yawa su ne suke da wuta da kwamfutoci masu ƙarfi.

Kowace gayya tana da sarkinta. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana wanda zai taimaki sababbi, ya duba ko kowace kwamfuta tana mayar da kasonta, ya kawo rahoto sau ɗaya a wata. Mai kwamfuta biyu ya yi amfani da suna ɗaya da mabuɗi ɗaya a kansu, makinsa zai haɗu. A tabbata lambar ƙungiya daidai ce tun farko, gama makin da ya shiga wata ƙungiya ba ya dawowa.

Ana ba da maki a kan kowane kason da aka mayar. Akwai kuma ƙarin maki ga mai mayarwa da wuri. Sharaɗinsa shi ne ka sami mabuɗin sirri, ka gama kaso 10, kuma kashi 80 cikin 100 na abin da ka karɓa ya koma lafiya a kan lokaci. Ku lura da abin da wannan tsari yake yabawa. Cika alkawari ne.

Makin nan ba kuɗi ba ne, shirin kuma ba ya biyan kowa. Idan wani ya zo ya ce ku biya kuɗin rajista, ko ya yi muku alkawarin riba kowane wata da sunan wannan aiki, ku guje shi. Kada kuma gasar maki ta sa wani ya ci bashi ya sayi na'ura, ko ya kunna kwamfutar wurin aikinsa a ɓoye.

Wanda ba shi da kwamfuta ma yana da wurin tsayawa. A gayya akwai masu kawo ruwa da masu dafa abinci. Wani zai share allon sola, wani ya ba da kuɗin data na wata ɗaya, malamin makaranta kuma ya yi amfani da hoton furotin da yake juyawa a fuskar kwamfutar ya koya wa yara kimiyya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A gayyar gona, me yake faruwa idan wani ya bar kunyarsa a rabi? Yaya wannan ya yi kama da riƙe kason aiki har wa'adi ya wuce?
2. Kwamfutoci nawa ne a cikinmu? Su wane ne masu su, kuma wa ya kamata a nemi izininsa?
3. A wane lokaci na rana batirin solarmu yake cika? Akwai abin da ya fi bukatar wannan wuta?
4. Me za mu ce wa wanda ya tambaya, "Ni me zan samu?"
5. Waɗanne iyalai ne a cikinmu suke fama da sikila ko da tsoho mai ciwon mantuwa? Wane taimako za mu ba su tun yanzu, kafin bincike ya kai ga magani?

Abin yi a wannan wata

A zaɓi mutum biyu su yi lissafin wuta da data su kawo wa kwamiti. Idan lissafin ya yi kyau, a gwada da kwamfuta ɗaya na mako biyu, a rubuta kaso nawa ta karɓa da nawa ta mayar a kan lokaci. Idan ta mayar da duka, a kafa ƙungiya a gayyaci sauran. Idan ta kasa, a danna Finish, a jira ta mayar da na hannunta, sa'an nan a cire manhajar, a aika wa 'yan'uwa na birni wannan darasi su ɗauki kunyar a madadinmu.